Da Ransu: Sana'ata a Gindin Tsamiya

Makon jiya wasu samari uku suka zo mini daga Bacirawa a kan babur ɗaya, kowa da wando matsattse kamar narka shi aka yi aka zuba a ciki. Suka ce sun koyi yoga, motsa jikin nan na Indiyawa, a waya, sun kama fili a wata makaranta, sun buga takarda mai hoto sun manna a jikin kowace falwaya. Ranar farko wurin ya cika. Mako na biyu mutum shida. Yanzu su ukun ne suke koya wa junansu. Babbansu ya rage murya ya ce, "Baba Sale, an ce kai dattawan da kake koya wa shekara da shekaru ba sa fashi. Don Allah wane malami ne ya yi maka aiki?"

Na ce su sauko su sha ruwa tukuna. Abin da na gaya musu shi zan rubuta a nan, don na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ga mutum a tsaye da ƙafa ɗaya sai ya ce ai wannan ba sana'a ba ce, ko zalɓe ma yana yi.

Ni dillali ne tun ina saurayi. Akuya, tsohon keke, kwanon rufi na hannu, rediyon da ba ta magana sai an mare ta, ba abin da ban sayar ba a kasuwannin Tofa da Rimin Gado. Dillanci ya koya mini abu guda: mai saye ba ya faɗin abin da yake saye. Wanda ya zo yana taya rago yana buɗe masa baki, sau da yawa ba nama ne ya dame shi ba, so yake maƙwabcinsa ya ga ƙaho ya leƙo ta saman danga. Na san wannan sarai. Amma da ranar amfaninsa ta zo, sai na manta.

Wata shekara, gab da azumi, wani abokin harkata a birni ya rantse mini ya samo dilar sallaya ta gwanjo, 'yan waje, masu laushi. Ya ce kada in kwance a nan, wasu za su gani su taya. Na sayar da shanun huɗata biyu, na ɗauko ta a ɗaure. Da na yanke igiyar a tsakar gida sai ga tabarmin roba sun baje, wasu ruwan hoda, wasu shuɗaye, dogaye sirara, ba hoton masallaci, ba geza, sai warin taya. Matata Ladidi ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta ce, "Malam, ita wannan wace alƙibla ake kallo da ita?"

Na kai wa limaminmu ɗaya kyauta. Ya yi nafila raka'a biyu a kanta, da ya ɗago daga sujada sai ta biyo goshinsa. Na gwada masu jakuna, na ce a sa a ƙarƙashin akumari. Jaki ya yi gumi ya zubar da mangala. Na gwada masu shanyar kuɓewa. Miya ta koma kamar a rumfar mai faci aka kaɗa ta. Damina ta matso, ba ni da shanu, ɗakin ajiyata cike da roba.

A bakin titi a Bacirawa na baza su ranar da wani tsoho ya tsaya, ya taka ɗaya da babban yatsa, ya ce, "Ai wannan ta miƙa ce." Sunansa Baba Tanko. Shekara goma sha takwas yana gadi a gidan wani ɗan kasuwa Ba'indiye a birni, kuma kullum da safe maigidan yakan shimfiɗa irin wannan a kan ciyawa ya yi ta murɗa jikinsa. Nan take na gane inda aka dosa. In kaya sun rasa mai buƙata, sai ka ƙera buƙatar. Na ce ya koya mini.

Kwana arba'in ina zuwa gidansa a keke. A duk kwanakin nan Baba Tanko bai taɓa yin ko ɗaya daga abin da ya koya mini ba. Yana zaune a benci da 'yar tsumagiya, ni ina ƙasa.

"Ɗaga ƙugu. A'a, ba haka maigida yake yi ba. Shi in ya yi, tumbinsa yana rinjaya ta hagu."

"Baba, ni ai ba ni da tumbi."

"To wannan matsalarka ce."

Ran nan na gaji na ce ya sauko ya nuna mini sau ɗaya. Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni mai gadi ne, Sale. Aikina kallo." Amma kallon nasa ba na wasa ba ne. Ya san inda ake jan numfashi da inda ake sakinsa, ya san gwiwa ba ta wuce yatsun ƙafa, ya san ba a fizgar jijiya, lallashinta ake yi kamar mai kayan da bai yi niyyar sayarwa ba. Ya ce a ƙarshe maigidan yakan kwanta rigingine, hannuwa a sake, ido a rufe, wai sunanta kwanciyar gawa. "A lokacin ne aikina yake aiki," in ji shi. "Ba mai shiga. Ko direba, ko mai kawo takarda, ko uwargidan kanta." Maganar ta bi ta bayan kunnena. Ni a ganina kwanciya ba koyarwa ba ce, gyara ce, irin wadda mai awo take ƙara maka a kan mudu.

Ɗalibina na farko Baba Ɗanlami ne, manomin da fartanya ta lanƙwasa har in yana tafe sai ka ce allura yake nema a ƙasa. Ban yi masa tallar komai ba. Na same shi a gindin tsamiyar da ke bayan gari, gefen hanyar rafi, na tambaye shi gonarsa, na tambaye shi da wane hannu yake fara sara, da wane gefe yake ɗora dami. Sannan na ce ya dafa jikin tsamiyar da tafukansa biyu ya ja baya kaɗan kaɗan. Ya ce, "Ture ta za mu yi?" Na ce e, amma ba yau ba. Hannunsa ba ya kai wa ƙafarsa, sai na warware rawaninsa na zarga masa a tafin ƙafa ya riƙa ja. Inda ƙasa ta yi masa nisa na sa masa tubali. Kayan aikina ke nan har yau: tabarma, rawani, tubali, da inuwa. Mako na biyar muna dawowa sai ya tsaya cak a ƙofar masallaci, ya ɗaga kai ya ce, "Kai! Yaushe aka yi sabon rufi?" Shekara huɗu ke nan da yin rufin, kuma har da shi aka yi aikin gayyar kwaɓa ƙasa.

Wannan magana ita ta kawo mini mutane, ba takarda mai hoto ba. Sai dai samun mutum daban, riƙe shi daban.

Na farko, ban taɓa kiran abin da sunan da kuke kiransa ba. Miƙa muke ce masa. Baba Tanko ya ce akwai wadda ake kira da sunan kare, na ce ba dattijon da zai yi alwala ya zo in ce masa ya zama kare. Ta koma sunkuyon mai shuka. Akwai miƙar kyanwa, akwai ƙadangare, akwai tsayuwar zalɓe. Kwanciyar gawa kuwa na sa mata suna sauke kaya. Duk da haka magana ta kai wa liman cewa Sale yana koya wa mutane bautar Indiya. Ban jira ya aiko ba, ni na je na ce ya zo ya bincika. Ya zo ya zauna kwana uku yana kallo, ya kafa sharuɗɗa: ba a fuskantar rana, ba a haɗa tafuka a ƙirji, ba gunji, ba abin da zai yi kama da sujada. Na karɓa duka, don ba ɗaya a ciki da yake gyara baya. Rana ta huɗu ya ce akwai wani motsi da bai gane hukuncinsa ba sai ya gwada da kansa, saboda gwiwarsa. Yau shekara goma sha biyu ke nan, bai gama binciken ba.

Na biyu, jeri. Ku a birni kowa inda ya ga dama yake shimfiɗa tabarma. A nan, ka kuskura ka sa mutum a gaban surukinsa, ka ce ya ɗaga ƙugu sama, ka rasa su duka biyun, wataƙila har auren ya girgiza. Sai da na zauna na san wa ke auren 'yar wa a duk garin. Suruki da suruki, wannan a wancan ƙarshen, wancan a wannan, kowa yana kallon gabansa. Taubasai kuwa kusa da juna nake sa su. Ɗaya ya faɗi daga tsayuwar zalɓe, ɗayan ya ce, "Buhun gero ya zube, a kira mai shi," gobe dole ya dawo ya rama.

Na uku, lokaci. Bayan la'asar, kullum, ban da Juma'a da ranar kasuwa. Ko mutum ɗaya ne ya zo, yi masa nake kamar su ashirin ne. Wanda ya yi fashi sau biyu kuma ina ƙofar gidansa, ba don in ce me ya hana ka ba, gaisuwa kawai, in tambayi ƙafar, in tambayi jakin. Mutum yana iya guje wa malami, amma da wuya ya guje wa wanda ya san jakinsa yana ɗingishi.

Dokata ɗaya ce mai tsauri: in aka shiga sauke kaya ba mai motsi, ba mai magana, ba mai amsa sallama, sai na tafa hannu sau uku. Na kafa ta ne kawai don kada su riƙa hirar farashin taki a kwance.

Haka muka tafi har muguwar shekarar nan da ruwa ya yi latti, taki ya gagari talaka, kuɗin mota zuwa birni ya zama abin shawara da iyali, ga amai da gudawa ta shiga ƙauyukan ƙetaren rafi tana ɗauka ɗai-ɗai. Na zaci ajin zai watse. Sai ya ƙaru. Mutum goma sha tara, kowa ya rame, kowa yana zuwa. Na ce a raina lallai na iya koyarwa.

Wata Laraba na kwantar da su a jere, ƙudan damina ya dame su, wasu suka kifa hula a fuska, wasu suka ja mayafi har ka. Sai wani mai wucewa ya raɗa mini cewa ga wani can bakin titi yana neman rabuwa da ragonsa ko nawa ne. Hali zanen dutse. Na ce bari in leƙa in dawo kafin su yi numfashi goma. Mai ragon ya fi ni taurin kai. Muka yi ta ja, ya tafi na kira shi, na tafi ya kira ni, har inuwa ta yi tsawo. Ragon ma ban saya ba.

A bayana ga abin da ya faru. Inna Azumi, mai fura daga ƙetaren rafi, ruwa ya cinye hanyar da ta saba bi, ranar ce ta fara biyowa ta gindin tsamiya. Ta ga maza goma sha tara a miƙe, a jere, a lulluɓe. Ta yi sallama, shiru. Ta ƙara, shiru. Ta saki ƙwarya ta juya da gudu tana salati. Mutanen ƙetare kuwa a shekarar nan sun saba da mutuwa, ba sa tambaya. Rana ta yi sanyi, in ba a hanzarta ba magariba za ta riske su. Malam Hadi, wanda shi ke awon gawa ya kai wa masu haƙa a maƙabartar da muke tarayya da su, ya zaro dogon kara daga danga ya zo. Saboda tsoron cutar ba wanda ya yarda ya taɓa kowa. Daga nesa ya miƙa karan ya auna na bakin layi, wato Baba Ɗanlami, ya aika da shi, aka fara haƙa.

Da na dawo na tarar da taro a tsaye nesa da tsamiya, kowa ya toshe hanci da rawani, mata a baya suna kuka, ga makara biyu, ga amalanken shanu. Ana ta cigiyar liman ya zo ya yi musu salla, an je gidansa sau biyu, alhali shi ne na huɗu daga dama. Wani ya kama hannuna ya ce, "Sale, ya haƙuri? Kai kaɗai ka tsira?"

Sai na yi abin da na saba. Na tafa hannu sau uku.

Suka juya kan gefen dama a tare, a hankali, kamar yadda na koya musu, suka dafa ƙasa suka tashi zaune. Ban taɓa ganin sun yi shi da kyau kamar ranar ba. Kafin in juyo, filin ya zama ba kowa sai takalma da shanun amalanke. Malam Hadi a ƙetaren rafi aka same shi, kuma har yau bai iya faɗin ta inda ya haye ba.

Washegari dagaci ya kira ni. Ya ce, "Sale, a garin nan mun san barci, mun san mutuwa. Kai ka kawo mana na uku." Tun kafin ya yanke hukunci na riga shi. Na ce ranka ya daɗe, daga yau an daina kwanciya, za a yi miƙa a tashi a tafi. Ya amince. Na fito ina murna a raina, ina cewa na yi ciniki: na ba da gyara na tsira da mudu.

Mako bai cika ba suka koma goma sha ɗaya. Na biyu, huɗu. Na uku, daga ni sai liman, shi ma yana ta duban hanya. Na bi gidaje kamar yadda na saba, kowa ya karɓe ni da fara'a, kowa da dalilinsa: noma na biyu, baƙi, ciwon haƙori. Na ce kunya ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Na ce yunwa ce, na sa Ladidi ta dama kunun tsamiya na kai. Suka zo suka sha, suka yi mini addu'a, suka tafi. Na ce sun gaji da tsofaffin motsi, na koma wurin Baba Tanko ya tuno mini wani da ake tura kai ta ƙarƙashin cinya. Na nuna wa liman, ya ce wannan ba sai ya bincika ba, haramun ne. Na ari rediyo mai batir na kunna. Awaki ne suka zo. Ladidi ta ce mai facin Tofa yana neman roba, in kai masa tabarmin tun suna da daraja. Shanu sun tafi, dillanci ya mutu don ba mai sayen komai, in wannan aji ya watse ba ni da abin da zan kira sana'a.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, abin da kowane dillali yake yi in aka dawo masa da kaya: na daina zato, na je in ji. Na ɗauki fartanya na sami Baba Ɗanlami a gonarsa. Na kama kunya ɗaya kusa da tasa. Sai da muka kai ƙarshe muka juyo sannan na ce, "Baba, ranar nan ba ka ji ana auna ka ba?"

"Na ji mana. Karan har ya sosa mini kunne."

"Ba ka ji kuka ba?"

"Na ji. Har na ji Audu mai shayi yana cewa ni mutumin kirki ne. Shekara talatin muna tare bai taɓa faɗa ba."

"To me ya hana ka tashi?"

"Ka tafa ne?"

Ya dogara fartanya ya dube ni, yanzu da yake yana iya duban mutum a ido.

"Sale, kai dillali ne ko kuwa sunan kawai ka gada? Kana zaton da furfurata nake baro gida in zo in tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe don daɗinta? Wannan ai kuɗin ƙofa ne. Tun da na yi aure ban kwanta da rana ba sai da ciwo. In na kwanta a gida, a ce Baba lafiya? In na ce lafiya, a ce to gishiri ya ƙare. In na kwanta a gona, mai wucewa ya ce Ɗanlami ya zama rago. Bana kuwa duk wanda ya yi maka sallama da abin da yake so. Wuri ɗaya ne a duniyar nan da namiji zai miƙe ƙafa rana tsaka, a ce magani yake sha, kuma doka ta hana a yi masa magana. Ranar nan da ka daɗe, kowa ya ji abin da ake ciki. Ba wanda ya so ya zama shi ne ya ɓata wa jama'a. Sai ka tashi ka cire naman ka bar mana romon, kana mamaki."

Nan maganar Baba Tanko ta dawo mini. A lokacin ne aikina yake aiki.

Na ce, "To dagaci fa? Da bakina na yi alkawari."

Ya ce, "Bar ni da shi. Ina da ƙara ma da zan kai."

Ashe bayan abin ya faru Baba Ɗanlami ya je maƙabarta ya duba kabarin da aka fara haƙa masa kafin a mayar da ƙasar, ya ga bai yi masa ba. Ya je ya karɓo karan awon daga hannun Malam Hadi. Da shi muka shiga zauren dagaci, Malam Hadi yana biye. Baba Ɗanlami ya kafa karan a ƙasa ya tsaya kusa da shi. Karan iyakarsa haɓa.

"Ranka ya daɗe, dubi abin da aka auna mini. Da gaske na mutu, da sai an naɗe ni."

Dagaci ya dubi Malam Hadi. Malam Hadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na auna daidai. Sai na ga tsawon ya yi yawa. Na ce Ɗanlamin da na sani tun muna yara bai kai haka ba, ni ne na yi kuskure. Sai na karya kan karan."

Dagaci ya yi dariya har ya kama ƙugu, kuma na lura kamun ba na dariya kaɗai ba ne. Da ya nutsu ya ce a dawo da kwanciyar, bisa sharaɗi ɗaya. Muddin akwai mutum a kwance, Sale yana tsaye a bakin hanya, ko raƙumi ake rabawa kyauta ba zai gusa ba, kuma duk wanda ya zo wucewa ya gaya masa halin da suke ciki tun kafin ya tambaya.

Ban yi shela ba. Na bi gida gida, daga babba zuwa ƙarami, na ce an dawo da sauke kaya. Ciwon haƙori ya warke a rana ɗaya, baƙi duk suka tafi. Goma sha tara suka dawo, Malam Hadi ya zama na ashirin, ya ce yana so ya ga yadda ake ƙara tsawo. Labarin mutumin da ya fi kabarinsa tsawo ya kai har Rimin Gado, aka riƙa zuwa a keke. Inna Azumi ta mayar da gindin tsamiya wurin cinikinta, takan zauna shiru da ƙwaryarta sai na tafa. Ladidi ta buɗe na mata a cikin gida, kuma ta fi ni jama'a, don ita ba ta ɓata lokaci da zalɓe. Ana shiga take tura ƙyaure ta ce kowa ta kwanta. Tabarmin nan kuwa sun ƙare tuni, sai da na sake aikawa birni.

Tun daga ranar aikina ke nan. In koyar da miƙa yadda ya kamata, don bayan ma yana buƙata, sannan in je bakin hanya in tsaya. Mai keke ya taho, in ce, "Da ransu." Mai jaki ya taho, "Da ransu." Wani ya zo neman mahaifinsa wai an yi baƙi, in ce baƙin su jira. An taɓa aiko wa dagaci kansa takarda daga ƙaramar hukuma yana kwance a layi na biyu, na ce ɗan aiken ya zauna ya sha fura. Har sunana ya ɓace, ko a kasuwar Tofa Sale Da-ransu ake ce mini.

Na tambayi samarin Bacirawa me suke yi a ƙarshen darasinsu. Suka ce kwanciyar nan ɓata lokaci ce, sun cire ta, a madadinta suna ɗaukar hoto tare da ɗalibai su sa a waya. Na ce ban san me mutanenku suke saye ba, wataƙila ba abin da nawa suke saye ba ne. Amma ku ma ba ku sani ba, kuma ba a waya za ku gani ba. Ku nemi ɗaya daga cikin waɗanda suka daina zuwa, ku same shi a wurin aikinsa, ku kama masa, ku rufe bakinku har ya buɗe nasa. In ya faɗa muku, ku tsaya a kai ku yi gadinsa.

Baba Ɗanlami ya rasu bara da kaka, a ɗakinsa, bayan ya ga gero ya shiga rumbu. Malam Hadi ne ya auna shi, sau biyu, kuma ya kai karan maƙabarta da hannunsa bai bar kowa ya taɓa ba. Da hantsi aka binne shi. Na ce a raina yau ba aji. Amma bayan la'asar na leƙa gindin tsamiya don kada wani ya zo bai same ni ba, sai na tarar duk sun shimfiɗa, sun bar gurbinsa a bakin layi. Muka yi kyanwa, muka yi zalɓe, na kwantar da su, na je na tsaya.

Can sai ga wani mai babur daga ƙetare, ya rage gudu kamar yadda kowa ya saba, ya ɗaga murya.

"Sale, da ransu?"

Na ce, "Da ransu, ban da mutum ɗaya. Shi ya samu inda ba mai ce masa gishiri ya ƙare."